Notuna Goma na Motar Sista

Tela tana tsakiyar yankan yadi ƙanenta ya shigo shago ya zauna a bencin masu jiran ɗinki, bencin ya yi wata ƙara kamar mai neman agaji. Ba ta ko ɗago ba, ta san nauyin nan. Tun yana ɗan shekara goma sha biyar ake ce masa Guduma, kuma duk wanda ya taɓa ba shi hannu suka gaisa ya san ba a zalunce shi ba wajen sa sunan. Yanzu ya haura talatin da biyar, ga mata ga 'ya'ya uku, amma har yau in abu ya sha masa kai shagon yayarsa yake nufa, ya zauna ya yi tagumi sai an tambaye shi.

"To, me ka karya kuma?" in ji ta.

"Yaya, motar Sista ce. Ta sake ƙona gasket."

Sai ta ajiye almakashi.

Sista ita ce ungozomar ƙaramin asibitin unguwarsu, kuma rabin yaran da ke guje-guje a layin nan a hannunta suka faɗo. Motarta tsohuwa ce tukuf, marigayi babansu ne ke gyara ta tun tana sabuwa. Da ya rasu, Guduma ya gaji rumfarsa a babban garejin da ke bayan tasha, ya gaji akwatin kayan aiki, ya gaji Sista. Shi kuwa gasket ɗin nan wani siririn faifai ne da ake shimfiɗawa tsakanin kan injin da gangar jikinsa, shi ke hana ruwa da baƙin mai da wuta shiga harkar juna. Notuna goma dogaye ne ke danne kan injin a kansa. Sau biyu Guduma yana sa sabo, sau biyu motar tana tafasa a tsakiyar hawan dutsen da ke bayan gari, farin hayaƙi na tuɗaɗowa ta salansa.

"Na biyun ne ya yi muni," in ji shi, yana kallon ƙasa. "Haihuwa aka kira ta. A bayan babur ta ƙarasa, da jakarta a ka. Da ta dawo ba ta ko kalle ni ba, wajen Shugaban gareji ta wuce."

"Me Shugaba ya ce?"

"Ya ce in yi na uku a gaban kowa. In an hau dutsen ta sake tafasa, in kwashe kayana, na zubar wa gareji da mutunci. Mai faci har ya sa an kawo masa injin iskarsa an ajiye a gefen rumfar, wai don kada a sha wahala daga baya."

Zuciyar Tela ta yi baƙi ƙirin. Rumfar nan da ita aka kafa ta. Ita ke miƙa wa Baba ƙusa yana kan tsani, ita ke wanke masa notuna a cikin fetur har hannunta ya yi fari fat, sai da ta kai shekara goma sha biyu Inna ta ce ya isa haka, aka kai ta koyon ɗinki. A ce mai faci ne zai baje tayoyinsa a wurin? Ina!

"Tsaya tukuna. Yaya kake ɗaure notunan?"

Nan fa fuskarsa ta ɗan washe, an zo inda yake da abin faɗa. "Haba Yaya, ta nan kam ba a samu matsala ba. Na farko da sifana na ɗaure, iya ƙarfina. Da gasket ɗin ya ƙone na ce ashe bai ji ba, sai na zura wa sifanar bututun ƙarfe na danna da ƙirji. Wannan karon na samo bututun da ya fi wancan tsawo."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Tela a hankali. "Kuma ta ina kake farawa?"

"Ta gaba mana. In gama da ɗaya in koma na kusa da shi, har in zagayo."

Ta dube shi ta ƙara dubansa. Ƙato har ƙato, zuciya fara tas, amma tun yana yaro duk abin da ya ƙi masa sai ya ɗauka ƙarfi ne bai isa ba. Haka ya taɓa karya makulli a cikin ƙofar ɗakin Inna, ashe na kicin ne a hannunsa.

"Sababbin notuna fa?"

"Na zaga duk masu kayan mota. Sun ce irin nata an daina kawowa tun tuni. Dole da tsofaffin za a mayar."

Tela ta kai dubanta kan teburin yankanta. A kusurwoyi huɗu na yadin akwai dogayen notuna huɗu da take danne shi da su kada fanka ta ɗaga. Daga gwangwanin Baba ta ɗebo su bayan rasuwarsa, don kawai sun yi mata nauyin da take so, kuma ta san irin injin da ya fi gyarawa a zamaninsa. Ta tattara su ta zuba a jaka. Ta haɗa da dogon rulan ƙarfenta, da allin tela, da ƙaramin madubin da ke rataye a bango, da ƙyallaye cikin hannu.

"Tashi mu je," ta ce.

"Ina?"

"Gidan biki. Ina kuwa za mu in ba gareji ba?"

Hantsi ya dubi ludayi suka shiga garejin. Fili ne babba, ƙasarsa ta sha baƙin mai har ta yi santsi, rumfuna a jere, kowace da motar da aka buɗe wa baki. Ana ganin mace da mayafi da jaka a bayan Guduma sai guduma ta daina bugu, kawuna suka fara fitowa daga ƙarƙashin motoci. Mai faci, wani siriri mai bakin tsiya, yana zaune a kan injin iskarsa yana kaɗa ƙafa.

"A'a, Guduma! Tela ka ɗauko? Ɗinke gasket ɗin za a yi?"

Aka kwashe da dariya.

"Eh," in ji Tela, ba ta ko rage tafiya ba. "In na gama kuma akwai wani baki da ya yage, shi ma zan kama shi kyauta."

Dariyar ta koma kansa, har da masu tafi.

An riga an sauke kan injin yana kan teburin ƙarfe, notunan kuma an watsa su cikin wani kwano, duk sun yi dumu-dumu. Ta naɗe hannun riga ta ce a ba ta fetur da buroshi. Warin ya bugi hancinta, shekara talatin ke nan rabonta da shi. Ta wanke su ɗaya bayan ɗaya, ta goge, ta kwantar da madubin a kan tebur, ta tsayar da goman a kansa kowanne bisa kansa, a jere. Sannan ta ɗora rula a samansu.

"Sunkuyo ka gani."

Guduma ya sunkuya. Rulan a kan uku kaɗai ya zauna. Sauran bakwai ɗin haske na wucewa tsakaninsu da shi, ɗan siriri kamar kaurin farce.

"Bakwai sun gajarce," in ji shi.

"Kai dai Allah ya shirye ka. Ƙarfe ne zai gajarce? Ukun nan ne suka yi tsawo, kuma kai ka ja su."

Ta ɗauko ɗaya daga cikin nata ta tsayar a gefe, ya yi daidai da bakwai ɗin cif. Ta ɗaga ɗaya daga cikin ukun ta nuna masa a rana. Wanda ya shekara talatin yana kallon tazarar ɗinki ba ya bukatar gilashi a nan. Haƙoran notin sun buɗe a tsakiya, wajen kuma ya ɗan rame. Ta murɗa masa ƙaramin noti daga baki, ya tafi sumul, yana isa wurin ya cije. A kan lafiyayyun kuwa har ƙasa yake sauka da yatsa biyu.

"Notin nan ba dutse ba ne," ta ce. "Kamar robar wando yake. Ka ja shi kaɗan ya kama ƙugu. Ka ja shi ya wuce iyaka, ya saki, ko ka ɗaure shi da igiya ba zai ƙara riƙe komai ba. Kai kana can kana nishi da bututu, shi kuwa tuni ya sallama."

Guduma ya share zufa. Kunya ta kama shi sosai, kuma ta gani, sai ta sassauta murya. "Ba komai. Ga uku daga na Baba. Kawo mini waya doguwa."

Ta naɗa ƙyalle a bakin wayar ta zura cikin ramin farko a jikin injin, inda noti ke shiga. Ya fito sharkaf, ruwa da baƙin mai sun haɗu sun yi kalar shayi da madara. Na biyu haka, na uku ma haka. Ramuka shida cikin goma da ruwa kwance a gindinsu.

"Ka ga ɗaya matsalar. Notin yana sauka ya tarar da ruwa, ruwan ba shi da hanyar fita, sai ya yi maka tauri. Ka ce ya ɗauru. Ashe ruwa kake matsewa, gasket ɗin yana can yana shan iska."

Zuwa yanzu babu mai dariya. Makanikai biyar ko shida sun matso sun harɗe hannu suna kallo, wani dattijo a cikinsu yana gyaɗa kai, yana cewa haka marigayi yake yi, wallahi haka yake yi. Sai da ƙyalle ya riƙa fitowa a bushe daga kowane rami ta yarda. Ta kara rula a fuskar kan injin ta tsaye da ta kwance, babu inda haske ya ɓullo, ta ce alhamdulillahi, wannan kam bai lanƙwasa shi ba tukuna.

"Saura sifanar awo, mai yin ƙara in noti ya ɗauru daidai. Ina ta Baba?"

Guduma ya sosa ƙeya. "Ta lalace."

"Ta lalace ko ka lalata?"

"Wata rana ce na rasa guduma..."

"Ya isa. Wa ke da ita a nan?"

Shugaba ne kaɗai. Nan Guduma ya toge, don shi ne ya taɓa cewa a gaban jama'a sifanar awo ta ragwaye ce, namiji hannunsa ne ma'auninsa. Ya ce Yaya ko ke za ki je, ai yana jin nauyinki. Ta ce ba ita ta yi maganar ba, ba kuma ita za ta lashe ta ba. Haka ya ja ƙafa ya ratsa filin nan kowa na kallonsa, har rumfar Shugaba, wani tsoho mai furfura da gilashi a kan hanci, abokin babansu tun suna samari. Daga nesa Tela ta ga ƙanenta ya rusuna, ta ga Shugaba ya kara hannu a kunne wai bai ji ba, sai da ya sa shi ya maimaita da ƙarfi.

"Sifanar awo nake roƙo, Baba!"

"Wacce? Ta ragwayen?"

"Ita, Baba."

Shugaba ya ɗauko ta da kansa cikin dogon akwatinta, ya haɗo da wani tsohon littafi da ya sha yatsun mai, ya biyo shi. Tela ta durƙusa ta gaishe shi. Ya dube ta ta saman gilashi ya ce, "'Yar gidan marigayi, ke ce da kanki?" Ya buɗe littafin ya nemo awon da injin ke so, ya saita, ya ja kujera ya zauna.

Aka shimfiɗa sabon gasket. Guduma ya ɗauki kan injin shi kaɗai ya sauke shi a hankali, yadda ake kwantar da jariri, don in dai wannan ne babu wanda ya kai shi. Tela ta shafa wa haƙoran kowane noti ɗan mai da yatsa, kaɗan, ba har ya ɗiga ba, ta sa aka murɗa su da hannu har suka zauna. Sannan ta ɗauko allinta ta rubuta lamba a gefen kowanne. Ɗaya da biyu a tsakiya. Uku da huɗu a gefensu ta dama, biyar da shida ta hagu, haka tana tsallakawa tana buɗewa har ta kai tara da goma a can ƙarshe.

"In zan ɗora babban faci a riga, daga tsakiya nake kamawa in bi zuwa baki. In na fara ta gefe ɗaya, kafin in zagayo ya tattare. Kuma sau uku za ka bi su. Zagayen farko kaɗan, na biyu ka ƙara, na uku ka cika. Da ka ji sifanar ta ce ƙas, ka cire hannu."

Zagayen farko ya zo da sauƙi, sai dai Guduma yana ta yamutsa fuska, wai wannan ai ko 'yarsa ta fari za ta iya. Na biyu ma haka. A na uku ne aka yi ta. Ya ja na ɗaya, sifana ta ce ƙas, ya tsaya, ya dubi yayarsa kamar wanda aka ɗauke wa kwano yana tsakiyar ci.

"Yaya, wallahi da saura."

"Babu."

"Ina jin sa a hannuna, zai ƙara ci."

"Na ce babu. Wuce na biyu."

Ya wuce. Ƙas. Na uku, ƙas. Zufa na zuba daga goshinsa, ba ta aiki ba, ta haƙuri. A na bakwai ta ga kafaɗarsa ta kumbura bayan ƙarar, ta san abin da ke tafe, ta ɗaga rula ta sauke masa a bayan hannu, tas! Gareji ya ɗauki ihu. Ƙaton da ke ɗaga bayan mota a canza taya ya janye hannu yana hurawa, ya ce, "Yi haƙuri, Yaya." Takwas, tara, goma, duk ya tsaya inda aka ce ya tsaya.

Sai bayan azahar aka gama haɗa sauran, aka zuba sabon mai da ruwa. Sista ta iso cikin fararen kayanta, fuska a murtuke, ta amsa gaisuwar Tela ta ƙi amsa ta Guduma. Motar ta tashi bugu ɗaya. Shugaba ya leƙa bakin lagireto ya daɗe yana kallo, ruwa na zagayawa lafiya, babu kumfa ko ɗaya. Ya rufe.

"A tsaye kowace mota waliyyiya ce," in ji mai faci. "A je dutse."

"Za a je," in ji Shugaba. "Kai ma shigo, kada a ce an yi a bayan idonka."

Sista ce ke tuƙi, Shugaba a gefenta. A baya Guduma ya cinye rabin kujera, Tela a tsakiya, mai faci ya manne da ƙofa kamar takarda. Suka fita daga gari, hanya ta fara miƙewa sama. Tela ba ta ga bishiya ba, ba ta ga gida ba, idonta na kan 'yar allurar nan ta zafi da ke gaban sitiyari. Tsoro ya kama ta sosai. In akwai tsaga a cikin injin da ido bai gani ba fa? In notunan Baba sun gaji a ɓoye fa? Ta zo ta yi baki a gaban maza, ta doki ƙanenta da rula, in motar nan ta tafasa rumfa ta tafi, kuma da hannunta a ciki.

Allura ta taso daga ƙasa ta kai tsakiya. Suka iso kwanar da ke da ƙaton dutse a gefe.

"Nan ta mutu da ni," in ji Sista, ta sauya giya ta taka mai da gayya.

Injin ya yi gurnani. Allurar ta ɗan motsa, kamar gashi ɗaya, Tela ta damƙe gwiwar Guduma har farcenta ya shige. Sai allurar ta tsaya. Suka wuce kwanar, suka wuce ta gaba, hanya ta kwanta, ga su a kan tudu iska na kaɗawa, allura na nan a tsakiya ba ta ce komai ba.

"Sa'a ce," in ji mai faci da ƙaramar murya.

"To a sake," in ji Sista. Yanzu ita ma abin ya fara yi mata daɗi.

Suka sauka suka sake hawa, har suka cika hawa uku. A na ukun har da waƙa take yi ƙasa-ƙasa tana dukan sitiyari. A sama Shugaba ya sa aka tsaya, ya buɗe gaban motar, ya zaro sandar gwajin mai ya ɗaga ta a rana. Mai garau, babu ɗigon ruwa. Ya zagaya baya ya kara tafin hannu a bakin salansa ya shinshina. Ya goge hannu ya koma ya zauna, ya ce a juya gida.

Kafin su shiga gareji Sista ta danne hon ba ta saki ba, duk wanda ke ƙarƙashin mota sai da ya fito. Shugaba ya sauka a gaban rumfar, ya jira aka taru.

"Mota ta hau sau uku," ya ce. "Rumfar marigayi tana hannun ɗansa. Magana ta ƙare."

Wurin ya kaure da sowa. Sista ta zagayo ta kama kunnen Guduma ta ja, ta ce ta yafe, amma in ya ƙara sa ta hawa babur da tsufanta sai ta yi masa allurar da ba zai zauna ba kwana uku. Shi kuwa yana ta faɗa wa duk wanda ya ba shi hannu, "Yayata ce, wallahi Yayata ce," har sai da Tela ta ce ya rufe mata baki, ita ko sifanar ba ta taɓa ba.

Shugaba ya juya wajen mai faci. "Sai ka kwashe injinka."

"Ai Baba sai gobe," in ji shi yana sosa wuya. "Mutum huɗu ne suka sauke shi, sai na nemo su."

Guduma ya dubi injin, ya dubi yayarsa, yana neman izini da ido.

"Wannan kam," in ji Tela, "iya ƙarfinka."

Ya tofa yawu a tafin hannu, ya sunkuya ya rungumi injin iskar nan da tankinsa da komai, ya miƙe da shi. Ya ratsa filin garejin yana tafe yana nishi, mai faci na biye da shi da gudu yana riƙe da wayar yana ihun a yi a hankali, makanikai na buga sifanu a jikin ƙarfe. Tela ta zauna a bakin rumfar babanta, hannunta baƙi ƙirin har gwiwa, mayafinta ya ɓaci ba zai ƙara wankuwa ba, tana dariya hawaye na zuba. Rabonta da farin ciki irin wannan tun Baba yana da rai.